Yaron da aka ce ɗan ruwa ne: nazarin wani lamari daga ƙasar Argungu

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke bakin fadama, a ƙasar Argungu ta jihar Kebbi. Abin da zan rubuta ya shafi wani yaro da ya kusa rasa ransa a kududdufin bayan gidansu yana ɗan shekara 7, da abin da muka yi daga wannan rana zuwa yau. Iyayensa sun yarda in rubuta, bisa sharaɗin ba zan faɗi sunansa ko sunan garin ba. Zan riƙa ce masa Auta, don shi ne autan uwarsa.

Na fara ganinsa yana ɗan shekara 2 da rabi, lokacin da muke bin gida-gida da ɗigon shan-inna. Yaran gidan duk sun watse da kuka, shi kuwa yana tsugune a gindin randa, ya sa yatsa a inda ruwa ke tsatsafowa, ko ɗago kai bai yi ba. Uwarsa ta ce min har yanzu bai fara magana ba, in an kira shi ba ya waiwayowa, har sun yi zaton kurma ne, sai dai kuma ko moɗa aka tsoma a randa zai ji daga ƙuryar ɗaki ya taho. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wasu yaran maza sukan yi nauyin baki. Wannan amsa tawa ta jawo musu asarar kusan shekara 2, kuma har yau tana damuna.

Sai da ya haura shekara 4 wani ƙanin mahaifinsa da ke aiki a Sakkwato ya matsa aka kai shi asibiti can. Likitan yara ya ce otizim ne, abin da ake kira galahanga a gidajen rediyo. Lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun farkon rayuwa. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma babu maganin sha da ke kawar da ita. Takan taɓa magana da mu'amala da mutane, ta sa mutum ya riƙa maimaita abu ɗaya, ta kuma sa ya ji ƙara ko haske ko taɓawa fiye da yadda sauran jama'a ke ji, ko ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma kowa da yadda tasa take. Akwai wanda zai yi karatu har jami'a, akwai wanda ba zai taɓa haɗa magana doguwa ba. Auta kalmominsa ba su kai 20 ba, ta farkonsu kuwa "ruwa". Ƙarar injin niƙa, lasifika da guɗa sukan sa ya toshe kunnuwa da tafukansa ya nemi hanyar gudu. Amma a ba shi kwano biyu da ɗan ruwa, sai ya yini yana juyawa daga wannan zuwa wancan.

Kafin likita ya ba ciwon suna, gari ya riga ya ba shi nasa. An ce ɗan ruwa ne, wato iskokin gulbi sun musanya shi tun yana jariri. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji irin wannan magana, ya kuma ji labarin yadda a da akan kai irin waɗannan yara bakin ruwa a ajiye, wai su koma wurin danginsu. Babu wanda ya kawo wannan shawara a kan Auta, amma sunan ya yi masa ɓarna ta fuska biyu masu karo da juna. A cikin gida kakarsa ta kafa doka cewa ko kusa da gulbi kada a kai shi, kar masu shi su gan shi su karɓe. Saboda haka a ƙasar da yaro ɗan shekara 6 ke iyo kamar tarwaɗa, ƙasar da tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada har hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, Auta kaɗai ne cikin sa'o'insa bai iya ruwa ba. A waje kuma, duk wanda ya gan shi zaune a bakin ruwa sai ya wuce abinsa, a kan ai nasu ne, ruwa ba ya cin nasa.

Ranar sunan

Tsakiyar damina ce, ruwa ya cika ko'ina. Matar wan babansa ta haihu, ana suna a gidan, ni ma ina cikin 'yan biki. Mata sun fi 50 a tsakar gida, an kunna lasifika, uwar Auta tana wajen tukunyar tuwo tun asuba. An damƙa shi hannun yayarsa 'yar shekara 10. Wata baƙuwa da ba ta san da haka ba ta aiki yarinyar sayen gishiri. Da ta dawo ba ta gan shi ba, ta ɗauka yana wurin Inna, Inna kuma ta ɗauka yana wurinta. Sai da aka zo rabon abinci aka gane babu shi.

Hankalin mahaifinsa ya tafi kan ɓarayin yara da kuma titin mota. Ya tura 'yan kabu-kabu kasuwa da tasha, samari suka bazu cikin lunguna suna ƙwala kiran sunan yaron da bai taɓa amsa sunansa ba. An ɗauki kusan minti 40 ana wannan. Duk tsawon lokacin Auta yana zaune a bakin kududdufin bayan gida, wanda daga baya na auna na samu taku 180 ne daga garkar awaki. Rami ne da aka shekara da shekaru ana haƙar ƙasar gini a cikinsa. Gefensa ɗaya a tsaye yake kamar rijiya, kainuwa kuma ta rufe fuskar ruwan har mutum zai zaci ciyawa ce.

Wata mata da ke wanke-wanke a ɗaya gefen ta gan shi tun zuwansa. Da na tambaye ta daga baya me ya sa ba ta yi magana ba, ta ce: "Malama, ai kullum nan yake zama in an yi la'asar. Na ɗauka gidansu sun sani." Gidansu ba su sani ba. Akwai wata ɓula a darni bayan garka, ta nan yake sulalewa, uwarsa tana zaton yana wurin awaki.

Matar ta ce ta sunkuya tana cuɗa tukunya, da ta ɗago sai ta ga takalmi ɗaya a gaɓa, kainuwa na motsi. Ba ta ji ihu ba, ba ta ji fantsamar ruwa ba. Haka nutsewa take. Wanda ruwa ke ci duk ƙarfinsa yana kan neman numfashi, ba shi da sauran iskar da zai yi kira, kuma yaro kan iya ɓacewa ƙasa cikin abin da bai kai minti 1 ba. Ihun matar ne ya jawo wani ɗan kabu-kabu da ke wanke babur kusa, ya faɗa da kayansa, ruwan ya kai masa wuya, ya lalubo shi da ƙafa.

Lokacin da na iso na tarar mutum ɗaya ya riƙe shi ta ƙafafu, kai a ƙasa, wani kuma yana matsa masa ciki wai ruwan ya fito. Leɓunansa sun yi toka-toka, jikinsa ya saki. Na ce su kwantar da shi. Wani dattijo ya ce in bari su gama, haka ake yi tun kaka da kakanni. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka bar min shi minti ɗaya." Na kwantar da shi rigingine, na ɗaga haɓarsa, na duba na ga ba ya numfashi. Na toshe hancinsa na hura masa iska a baki sau 5, ina kallon ƙirjinsa na tashi. Sannan na danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, na sake hurawa sau 2, na ci gaba da haka. A zagaye na uku ya yi tari, ya kelaya amai. Na juya shi gefe, muka cire masa jiƙaƙƙun kaya, wata ta kwance mayafinta muka lulluɓe shi.

Na tsaya a kan wannan don shi ne abin da aka fi kuskurewa a garuruwanmu. Abin da ke kashe wanda ya nutse shi ne rashin iska, kuma ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 da yankewar numfashi. Ruwan da ake matsowa daga ciki na tumbi ne, fitowarsa ba ta buɗe huhu, hasali ma yakan taho da abinci ya koma ya shaƙe mutum. Duk daƙiƙar da aka ɓata ana jijjiga yaro, daƙiƙa ce da ya kamata a ce iska na shiga ƙirjinsa.

Mahaifinsa ya so a mayar da shi gida. Ya ce, "Malama, tunda Allah ya sa ya farfaɗo ai shi ke nan." Na ƙi. Wanda ya shaƙi ruwa, musamman ƙazamin ruwan kududdufi, huhunsa kan iya rikicewa bayan wasu sa'o'i ko da ya tashi yana tafiya. Muka samu mota zuwa babban asibiti. Kafin magariba numfashinsa ya fara sama-sama, zazzaɓi ya rufe shi. Kwana 4 ya yi, biyu daga ciki da iskar oksijin.

Abin da na gane da na zauna na bi lamarin

A daren farko a asibiti, yana barci, na yi ta bincike a wayata, abin da na gani kuwa ya tayar min da hankali. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012, wanda ya duba yara sama da 1,200 masu wannan lalura, ya gano kashi 49 cikin 100 sun taɓa yunƙurin sulalewa daga inda ake kula da su bayan sun kai shekara 4. Cikin waɗanda suka ɓata kuwa, kashi 24 sun shiga haɗarin nutsewa. A 2017 masana a jami'ar Columbia suka bi takardun mace-mace na ƙasar, suka ce yiwuwar yaro mai otizim ya mutu a ruwa ta ninka ta sauran yara sau 160. Waɗannan alƙaluma na Amurka ne, inda babu wanda ke maganar iskokin gulbi, amma yaransu ma ruwan suke nufa. Ashe halin lalurar ne. Ruwa na ƙyalli, yana motsi iri ɗaya, yana danne jiki ta ko'ina daidai wa daida, ga shi ba ya hayaniya. Yaron da duniya ta yi wa yawa a kunne, nan yake samun sauƙi, kuma sau da yawa bai san zurfi ko santsi haɗari ba ne.

Mu kuma ruwa a bakin ƙofa yake. Gulbi na nan rani da damina, in an saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori sai ya tumbatsa ya cika fadama, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan. Ga ramukan gini, ga rijiyoyin lambu marasa murfi, ga hanyoyin ban-ruwa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2024 ya ce mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba.

Da na jera abubuwan da suka faru ranar, sai na ga babu ko ɗaya da ba a iya tarewa. Taron da ya cika gida shi ya sa kowa ya sakankance cewa wani na kallonsa. Lasifikar da ta kore shi, an san tana korarsa. Ɓular darnin ta fi wata uku. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne minti 40 ɗin nan. Da mutum ɗaya ya yi taku 180 zuwa kududdufi kafin a nufi kasuwa, da a bushe za a same shi. Mutane suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, sai dai ban yarda a rataya mata ɓular darni ba.

Gyaran da aka yi, da wanda bai yi aiki ba

Makon farko bayan sallama, mahaifinsa ya ɗaure masa ƙafa da igiya a jikin turmi. Na fahimci tsoronsa, amma cikin kwana 3 idon sawun yaron ya saluɓe, ya daina cin abinci, yana buga kansa da ƙasa. Da aka kwance shi, abin da ya fara yi shi ne gudu. Duka ma an gwada, bai ƙara masa komai ba sai tsoron babansa. Aka sa masa kacau-kacau a ƙafa, ya tsinke shi kafin azahar. Aka sayo kwaɗo aka sa a ƙofar gida, amma gidan da mutum fiye da 20 ke shiga da fita, kwaɗo a rataye yake yini.

Abin da ya zauna ƙananan abubuwa ne. Wani kafinta ya ɗaga sakata zuwa inda hannun yaro ba ya kai, ya ɗaura tsohuwar robar tayar babur a ƙyaure yadda zai ja kansa ya rufe. An toshe bayan garka da tsohon kwano. Rijiyar gida ta samu murfin ƙarfe, an kuma sa doka cewa duk wadda ta gama wanki ta kife bahonta. Sannan muka kawo maganar warwaro. Uwarsa ta cire wani jan warwaro daga hannunta, muka ce duk wadda yake hannunta ita ce mai Auta, ba a aikenta, ba ta girki, kuma ba ta sauka daga aikin sai ta zare shi ta sa a hannun wata babba da ta amsa da bakinta. Yayarsa mun cire ta daga wannan nauyi baki ɗaya. Yarinyar ta yi wata guda ba ta barci sosai, tana ganin ita ta jawo, alhali 'yar shekara 10 ita ma abin a kula da ita ce. In za a yi biki, tun kafin a kunna lasifika ake kai shi ɗakin kakarsa na can ƙarshen gida da kwanukansa biyu. Kullum bayan la'asar kuma ana zuba masa ruwa a faranti ya yi wasa, mai warwaro na zaune gabansa, don kada ƙishin ruwan ya kai shi nema a waje.

Daga nan na je wurin mai unguwa. Muka zagaya da ƙafa muka ƙirga duk ruwan da yaro zai iya kaiwa cikin minti 10: kududdufi 3, rijiyoyin lambu 2, hanyar ban-ruwa da mashigin gulbi. Kowane ɗaya muka ɗora shi a kan gidan da ya fi kusa. Muka yi yarjejeniya da ladan cewa in an ce masa yaron ya fita, abin da zai faɗa a lasifika shi ne "Auta ya fita, a duba ruwa." Duk mai jin haka ya nufi ruwan da aka ba shi, ya tsaya nan har a ce an gan shi. Muka kuma gaya wa jama'a cewa in an same shi kada a daka masa tsawa, kada a bi shi da gudu, don zai iya faɗawa gaba. A zagaya a shiga tsakaninsa da ruwan, a tsuguna, a miƙa masa hannu. A bakin kowane kududdufi an rataya jarka rufaffiya da igiya, don wanda bai iya ruwa ba ya jefa maimakon ya faɗa su zama biyu.

Koyon ruwa

Nan aka fi kai ruwa rana. Na ce tunda ba za mu iya kwashe gulbi daga garin ba, dole yaron ya san abin da zai yi in ya tsinci kansa a ciki. Kakarsa ta ce, "Ku da hannunku za ku miƙa musu shi?" Ta yi kuka sosai, kuma kukan ƙauna ne. Liman ne ya zauna da ita har sau biyu. Ya tuna mata hadisin da aka ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, da maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo. Ta yarda bisa sharaɗin za ta riƙa bin su tana addu'a a gaɓa, kuma ba ta fasa ko rana ɗaya ba.

Malamin shi ne kawun uwarsa, wani tsohon masunci da muke ce wa Baba, wanda ya sha shiga Matan Fada da gora da homa. Na fara yi masa bayanin lalurar, ya saurara har na gama, sannan ya ce: "Ɗiyata, ni ban san wanga ciwo ba. Amma na san ruwa, kuma ruwa bai san ɗan kowa ba. Ku kawo shi."

Kafin mu fara na tabbatar Auta bai taɓa farfaɗiya ba, don takan zo tare da otizim fiye da yadda take zuwa wa sauran yara, kuma wanda ta kama a cikin ruwa ko zurfin gwiwa ya ishe shi. Muka jira rani, ruwa ya janye. Na karanta yadda ake yi a ƙauyukan Bangaladash, inda suke kafa dandamalin gora a cikin tafki su koya wa yara, ma'auninsu kuwa shi ne yaro ya yi iyon mita 25 ya kuma tsaya a saman ruwa daƙiƙa 30. Baba ya kafa turaku huɗu a wani wuri mai yashi inda ruwa ke kai wa yaron ƙirji, ya kewaye da tsohon taru.

Mako 3 na farko ba a koyi iyo ba sam. Doka ɗaya ake koya: a zauna a tabarma har Baba ya ce "bisimilla" ya miƙo hannu. Ranar da Auta ya ruga ya shiga da kansa, sai a ɗauke shi a koma gida. Ya yi kuka, ya yi birgima, kakarsa ma ta ce a tausaya masa. Baba bai ɗaga murya ba, bai kuma sassauta ba. Lokaci ɗaya ake zuwa, hanya ɗaya ake bi, kalmomi uku ko huɗu kacal yake amfani da su, don yaron in an yi masa dogon bayani sai ya ɓace masa.

Sai aka zo kwanciya rigingine a kan ruwa. Auta ya ƙi. Da zarar ƙafarsa ta bar ƙasa sai ya sandare, ya cakumi gemun tsohon. Haka aka yi ta yi kusan wata guda, har na fara tunanin mu haƙura. Wata safiya Baba ya durƙusa cikin ruwan har kafaɗarsa ta nutse, ya kwantar da ƙeyar yaron a kanta, yana wani gunguni can ƙasan maƙoshi, ya riƙa sauka a hankali har ruwa ya rufe kunnuwan Auta duka biyu. Ina tsaye a gaɓa ina kallo. Yatsunsa da ke dunƙule suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya a sama, cikinsa ya taso. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Kukan jakuna, injin ban-ruwa, surutun masu wanki, duk ruwa ya toshe masa su. Uwarsa da ke gefena ta ce a hankali, "Ashe abin da yake nema ke nan." Daga ranar abin ya zo da sauƙi. Baba ya riƙa janye hannunsa daga bayan yaron kaɗan-kaɗan, daga tafi zuwa yatsa uku, zuwa ɗaya, har ranar da ya ɗaga hannuwansa biyu sama muka ƙirga 30.

Bai tsaya nan ba. Ya ce wanda ya faɗa ruwa ba ya tsayawa tuɓe riga, don haka aka koma yi da kaya da takalmi. Ni kuma na ƙara da cewa mai otizim kan iya ƙware a abu a wuri ɗaya, a kai shi wani wuri ya zama kamar bai taɓa gani ba. Haka kuwa aka yi. Da muka matsa wani mashigi, sai da aka yi kwana 5 kafin ya yarda ya kwanta. Mun canza wuri sau uku. A ƙarshe Baba yakan zaunar da shi a bakin kwale-kwale ya zame shi cikin ruwa, yaron ya juya da kansa ya kwanta, sannan ya harba ƙafa zuwa gaɓa. Duka-duka an ɗauki wata 5. Da aka gama na sa aka gwada fitsarinsa saboda tsargiya, aka samu, aka ba shi magani. Duk mai niyyar yin irin wannan a ruwan fadama ya sa wannan cikin lissafi.

Rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, ita ma ta ba mu aiki. Gonarsu tana hayin gulbi, da kwale-kwale ake zuwa, kuma babu wanda ya manta hatsarin jirgin Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, da ya ci rayuka masu yawa. An sayo masa daidai jikinsa, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu, ya ƙi ko taɓa ta. Muka bar ta kusa da shimfiɗarsa mako guda, sannan aka fara sa masa a kan rigarsa ta kullum minti 2 a tsakar gida, ana ƙarawa. Yanzu in ya ga an ɗauko ta ya san gona za a je.

Damina ta biyu

Iya ruwa ya ƙara masa ƙarfin hali, wannan kuwa shi ne abin da na ji tsoro tun farko. Wata asuba wani baƙo ya fita masallaci ya tokare ƙyauren da dutse don kada ya rufe masa. Uwarsa ta farka ta ga shimfiɗa wayam. Wannan karon ba ta nemi kowa ba, ta tura wurin ladan, ita kuma ta nufi kududdufin baya. Ba ya can. Cikin minti 6 zuwa 7 wani manomi da aka ɗora wa hanyar ban-ruwa ya same shi tsaye a ciki, ruwa har cinya, yana kallon yadda yake gudana. Bai jira bisimillar kowa ba. Mutumin ya shiga ta ƙasansa, ya tsuguna, ya miƙa hannu, yaron ya kama.

An ƙara sakata ta biyu a ƙofar ɗakin da yake kwana, kuma duk baƙon da ya sauka a gidan yanzu ana yi masa bayanin ƙyauren kafin a ba shi ruwan sha. Kududdufin yana nan. Cike shi sai an yi sawun tifa da yawa, mun rubuta takarda mun kai inda ya dace, har yanzu shiru. Samari sun kewaye gefen mai tsayin da ƙaya, kowace damina sai an sabunta.

A watan jiya wata mata ta ƙetaro daga hayi da ɗiyarta 'yar shekara 12, ba ta magana, an taɓa tsamo ta daga rijiyar lambu. Ta ji labarin Auta a kasuwa. Baba ya ce yarinyar ta girma, bai dace shi ya riƙe ta a ruwa ba, a nemo mace. Mun samu biyu cikin matan masunta da suka iya ruwa tun suna 'yan mata, ɗaya mijinta ya yarda, ɗayar muna jiran amsa. Turakun Baba suna jingine a zaurensa, da zarar ruwa ya janye za a kafa su.